Cin abinci a Zanzibar: ka fara gyara agogonka

Ranar da muka fara kwana a Zanzibar agogo ya ja mini asarar biriyani. Mai masaukinmu, wani dattijo mai farin gemu wanda Larabcinsa ya fi Turancinsa, ya kwatanta mini wani ɗan gidan abinci a bayan kasuwa, ya ce in je "saa sita". Sita dai ai shida ce, Balarabe ma sitta yake cewa, ban ga abin tambaya ba. Muka sha yawonmu, muka dawo muka watsa ruwa, ƙarfe shida na yamma na tasa uwargida a gaba muka nufi wurin da yunwarmu. Muka tarar da yaro yana kife tukwane, ko ƙanzo bai rage ba. Da na koma na kai wa dattijon ƙara, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ashe su mutanen bakin tekun nan daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i. Ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, wato ƙarfe ɗaya a wurinsu, saboda haka saa sita ita ce 12 na rana. Duk lokacin da aka faɗa maka da Swahili, ka ƙara shida ko ka rage shida, sannan ka sake tambaya ko da rana ake nufi ko da dare.

Na fara da wannan ne domin a zuwa biyu da na yi tsibirin, abin da na gane shi ne sanin sunayen gidajen abinci ba ya wadatar da baƙo. Kowane abinci a garin yana da sa'arsa. Wurin da ya fi ko'ina daɗi da azahar, in ka je da magariba sai ka rantse an yi maka ƙarya. Zan ambaci sunaye, amma ka riƙe lokutan fiye da sunayen.

Babban tsibirin da baƙi suke kira Zanzibar sunansa Unguja, ƙanensa Pemba yana can arewa. Daga Darussalam, birnin da ke gaɓar tekun Tanzaniya, jirgin ruwa mai gudu yana kai ka cikin kamar awa biyu, ya sauke ka a bakin tsohon gari, wanda su suke kira Mji Mkongwe, Turawa kuma Stone Town. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. In cin abinci yana cikin abin da ya kai ka, kada ka bari direba ya ɗauke ka daga tashar jirgi kai tsaye zuwa otal ɗin bakin rairayi. Ka kwana biyu ko uku a tsohon garin tukuna. Lungunansa sun fi na cikin birnin Kano matsi, mota ba ta shiga yawancinsu, kuma za ka ɓata. Ɓatan ba ya da illa, garin ƙarami ne, duk inda ka miƙe ko dai ka ɓulla teku ko ka ɓulla babban titin kasuwa.

Da safe masauki zai ba ka burodi da ƙwai da 'ya'yan itace. Ka ci 'ya'yan itacen, mangwaronsu da abarbarsu ba na wasa ba ne, ka bar sauran ka fita. Tsakanin fitowar rana da ƙarfe tara ne mata suke zama a ƙofar gida ko bakin lungu da kayan karin kumallo a cikin akwatin gilashi ko roba mai murfi. A wani lungu kusa da masaukinmu uwargida ta ja ta tsaya, ta riƙo hannun rigata.

"Malam, dubi can. Wallahi tanda ce!"

Tanda ce kuwa, ta ƙarfe, mai gurabe bakwai, a kan gawayi. Matar tana zuba ƙullun shinkafa da ɗan ludayi, ta jira gefen ya yi ja, ta sa tsinke ta juya shi, hannunta bai ko yi gardama ba, kamar mai waina a bakin tasha. Sunansa vitumbua. Uwargida ta gutsura ta yi shiru, can ta ce waina ce da ta yi aure a gidan masu kuɗi. Da madarar kwakwa ake kwaɓa ƙullun, da sukari da iliki, wato ƙwayar nan mai ƙamshi da Larabawa suke sa wa gahawa. Ba a cin ta da miyar taushe ko ƙuli, da shayi ake kora ta. Ka nemi chai ya tangawizi, shayin citta, ko chai ya maziwa in mai madara kake so. A gefe za ka ga mandazi, ɗan'uwan fanke amma bai kai shi maiƙo ba, da mkate wa ufuta, gurasa mai laushi da aka barbaɗa wa riɗi. In kana son abin da zai riƙe ka har azahar, ka sa a zuba maka maharage ya nazi, wake ne da aka dafa da madarar kwakwa, ka dangwala da capati, wata siririyar gurasar fulawa. Ni wannan waken shi ne karin kumallona kusan kullum.

Da hantsi ka tambayi hanyar Jaws Corner. Ba gidan abinci ba ne, 'yar mahaɗar lunguna ce da aka zana babban kifin nan mai haƙora a bangonta, da dakali a kewaye, su suna ce masa baraza. Majalisa ce sak irin tamu: dattawa da matasa, musun siyasa da na ƙwallo, ga mai gahawa da butarsa a kan garwashi. A jikin wani turke an rataye tsohuwar wayar tarho da rubutun zolaya cewa a buga ƙasashen waje kyauta. Ka yi sallama irin ta addini, za a amsa maka da baki ɗaya. In dattijo ne ka ce masa shikamoo, zai ce marahaba, daga nan ka zama ɗan gida. Gahawar baƙa ce mai ɗaci, a ɗan finjali, ba sukari. Da kashata ake shan ta, alewar gyaɗa ko ta kwakwa mai kama da kantu: ka gutsuri kashata, ka kurɓi gahawa a kai. Wurin zaman maza ne galibi. Uwargida ta sha nata finjalin a tsaye, ba wanda ya ce mata kanzil, amma ta ce ta fi son kujera, sai muka ƙarasa Zanzibar Coffee House da ke unguwar Mkunazini, inda ake hawa saman bene a sha gahawa ana kallon rufin kwanon garin.

A wannan majalisar na lura da yawan kalmomin da muka yi tarayya da su, duk daga Larabci: su ce kahawa mu ce gahawa, su ce karafuu mu ce kanumfari, su ce halua mu ce alewa, Alhamisi da Ijumaa kuwa ba sai an fassara maka ba. Abincin ma haka tarihinsa yake. Jiragen ruwa masu filafilai sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin iskar damina tsakanin Oman da Indiya da wannan gaɓar, kuma wajen 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya dawo da fadarsa nan daga Maskat, ya cika tsibirin da gonakin kanumfari. Shi ya sa a faranti ɗaya za ka ga shinkafar Larabawa, da sambusa da capatin Indiyawa, da rogo da ayaba da kwakwar mutanen ƙasa.

Babban cin garin na rana ne, kuma nan ne baƙi suka fi yin kuskure, su ci ɗan biskit da rana su tara yunwa sai dare. Tukwanen shinkafa suna sauka wajen 12, zuwa ƙarfe biyu an ci rabin daɗin, zuwa la'asar sai abin da ya saura. Ka yi azahar ka wuce kai tsaye, ko ma ka ci kafin ka yi.

Wurin da zan fara tura kowa shi ne Lukmaan, a Mkunazini, kusa da babban cocin Angilika da aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873. Alamar wurin wata ƙatuwar bishiyar kuka ce, Bahaushe ba zai wuce ta bai gane ba. Ba sai ka iya Swahili ba: abincin yana jere a bayan gilashi, ka nuna da yatsa a zuba maka. Ba a sayar da giya, kuma za ka ga 'yan gari da Turawa a teburi ɗaya. Da tsakar rana akwai cunkoso, sai ka ɗan yi haƙuri, wani ya kama muku wurin zama wani ya bi layi. Na biyu shi ne Passing Show a unguwar Malindi, wajen tashar jiragen ruwa. Tsohon gidan abinci ne na 'yan gari, ba kwalliya ba ƙawa, ma'aikata da 'yan kasuwa ne suka fi cika shi, kuma shinkafa ce sana'arsu.

Shinkafar iri uku ce, ka san bambancinsu kafin ka nuna. Pilau ita ce wadda aka dafa a cikin romon nama tare da kanumfari da kirfa da iliki da masoro, ta fito ruwan ƙasa-ƙasa, a ɗora mata kachumbari, wato yankakken tumatir da albasa da lemun tsami. Ta ɗan yi kama da dafa-duka, sai dai ba tumatir a cikinta ba manja. Biriyani kuwa daban ake dafa shinkafar, wani sashe fari wani rawaya, daban ake yin miyar, mai kauri da soyayyiyar albasa, sannan a haɗa a faranti. Ta fi pilau nauyi, kuma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ne ranarta, har ƙananan gidajen da ba sa yin ta kullum suna ɗora tukunya. Ta ukun ita ce wali wa nazi, farar shinkafa da madarar kwakwa, ita ake ci da miyar kifi. In tuwo ka yi kewa, ka ce ugali. Tuwon masara ne, ya fi namu tauri, ba miyar kuka ba kuɓewa, amma akwai mchicha, alayyahu ne da aka dafa shi ma da kwakwa.

Sai maganar pweza. Wata halittar teku ce mai hannuwa takwas, kowane hannu da 'yan ƙofofi a jere kamar maɓallan riga. Ranar da na fara ganin ta ɗanya a kasuwa, tsigar jikina ta tashi. Uwargida ta ce ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta ci ba, kuma har muka baro ba ta ci ba. Ta fuskar addini ba matsala, a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai abin da ke rayuwa a teku halal ne, saura kawai zuciya ta karɓa. Ni na rufe ido na ce a zuba mini pweza wa nazi a kan farar shinkafa. An yanka ta ƙanana, an dafa a miyar kwakwa mai kurkum da lemun tsami. A baki ta fi kama da ƙundun kaza da ya dahu sosai, ba ƙarni ko kaɗan. Masunta suna bugun ta a kan dutse ko yashi kafin a dafa don ta yi laushi, kuma wadda ba a bugu da kyau ba za ka yi ta tauna kamar roba. In za ka gwada ta sau ɗaya tak, ka gwada ta a miya da rana, kada ka fara da gasasshiya ta dare.

Gargaɗi ga mai son yaji: abincinsu ƙamshi ne da shi, ba zafi. Harshen da ya saba da attaruhu zai ji kamar an manta wani abu. Ka ce "pilipili", za a kawo maka a gefe, wani lokaci ɗanyen barkono da lemun tsami, wani lokaci niƙaƙƙe. A zuwanmu na biyu uwargida ta ƙullo yajin ƙuli a 'yar roba ta sa a jaka, kuma ban ga ranar da bai yi amfani ba.

Bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, lokacin urojo ne. Wannan shi ne abincin da ban taɓa cin irinsa a ko'ina ba, kuma da wuya ka same shi da daɗi a babban otal. A bakin titi ake sayar da shi, wajen kasuwar Darajani da cikin unguwanni. Mai sayarwa zai ɗauki kwano ya jefa dafaffen dankalin Turawa, da bajiya mai kama da ƙananan ƙosai, da kachori, wato curin dankali da aka soya, da dafaffen ƙwai in kana so, da 'yan yankan tsire. Sai ya kwarara wani romo rawaya mai ɗan kauri da tsami, na fulawa da kurkum da ɗanyen mangwaro ko lemun tsami. A sama ya watsa soyayyen rogo da aka yanka siri-siri, ya ɗiga miyar kwakwa da ta barkono. Ido zai ce maka tarkace ne. Cokali na farko tsami, na biyu sai ka ji ƙosan ya jiƙa, rogon yana ƙaras-ƙaras. Ka sha shi da zafinsa, a wurin da ka ga mata da 'yan makaranta sun yi layi. In ƙishi ya taso, ga masu madafu, ɗanyar kwakwa da ake sare wa kai ka sha ruwan, sannan a fafe maka ɓawon ya zama cokali ka kankare naman ciki.

Yanzu Forodhani, wanda kowane direba da kowane ɗan jagora zai ce maka kada ka kuskura ka rasa. Lambu ne a bakin teku, gaban tsohuwar ganuwa da Beit al-Ajaib, dogon gidan da Sarki Barghash ya gina a 1883, wanda wani sashensa ya rufta a Disambar 2020. Gidauniyar Aga Khan ta gyara lambun aka sake buɗe shi a 2009. Ka je tun kafin magariba ka kalli samari suna sheƙowa a guje suna alkafura daga kan katanga zuwa cikin ruwa. Ana idar da salla masu tebura za su kunna fitilu, wuri ya cika da hayaƙin gawayi da kyanwoyi.

Ka je, amma ka san abin da za ka ci. Teburan da suka fi ɗaukar ido su ne masu tulin kayan teku a tsinke: kifi kala-kala, jatan lande, ƙaguwa, pweza, an jera su kamar kayan lefe. Yawancinsu an riga an dafa ko an gasa tun ɗazu, ɗumamawa kawai ake yi in ka zaɓa, kuma ba ka da hanyar sanin tun yaushe suke nan. A darenmu na biyu wani saurayi mai farar hula irin ta masu dafa abinci ya tare mu da fara'a, yana jin mun ce Najeriya ya hau kiran sunayen 'yan ƙwallonmu. Kafin in ankara ya cika faranti, ban tambayi kuɗin ko ɗaya ba, kunya ta hana ni. Da aka zo biya, abin da ya faɗa ya fi kuɗin abincin ranarmu na kwana biyu. Na biya ina murmushin yaƙe. Da asuba kuma cikina ya karɓi nasa kason, ranar ban leƙa ko ƙofar masauki ba.

"Ai na gaya maka kifin nan idonsa bai yi mini ba," in ji uwargida, tana miƙo mini ruwan gishiri da sukari.

Ba ta gaya mini ba, amma ban da ƙarfin musu.

Abin da na koma yi, kuma ban sake samun matsala ba, shi ne cin abin da aka yi a gabana daga ɗanye. Na farko abin da suke kira pizza ta Zanzibar, wadda ba ruwanta da ta Italiya. Duk wanda ya je Makka ya ci mutabbaƙ zai gane ta: a murza ƙullin fulawa ya yi siriri, a zuba niƙaƙƙen nama da albasa da tattasai, a fasa ƙwai a kai, a ƙara mayonis da ɗan cuku, a naɗe gefuna a soya a faffaɗan kasko. Akwai ta ayaba da cakulan ga mai son zaƙi. Na biyu mishkaki, tsirensu, ƙananan yanka ne da aka jiƙa a kayan ƙamshi ba ƙuli, ka tsaya a gasa naka daga ɗanye. Na uku ruwan rake, wanda ake matsewa a injin hannu tare da citta da lemun tsami, ka ce kada a sa ƙanƙara. Kafin a ɗora komai a wuta ka ce "bei gani?", nawa ne, a kan kowane abu ɗaya ɗaya, ka haɗa lissafin da bakinka, shi ma ya amsa. Masu tare baƙi a hanya suna jan su zuwa teburi, 'yan gari suna kiransu papasi, wato kaska, kuma ladansu a cikin kuɗinka yake. "Hapana, asante", a'a na gode, da murmushi, ka ci gaba da tafiya. Sannan ka duba inda iyalan garin suka tsaya, yawanci ba a teburan gaba ba ne.

In kana son dare ɗaya na kece raini, ko amarya ka kai, akwai saman benen Emerson on Hurumzi. Sai an yi rajista tun da wuri domin wurin ba shi da girma, kuma zama ɗaya ake yi, a fara daidai faɗuwar rana. Za ka cire takalmi ka zauna a kan kilishi da matasai, a wanke maka hannu, a riƙa kawo abinci kashi-kashi, wasu dararen da masu kiɗan taarab. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kiran sallar magariba da ke tasowa daga masallatai ta kowace kusurwa a ƙarƙashinka, ga teku ya yi ja. Kuɗinsa ya ninka na Lukmaan sau da yawa, kuma ana shan giya a wurin kamar sauran manyan wuraren baƙi, ka san da wannan kafin ka hau.

Daga nan sai bakin rairayi. Nungwi da Kendwa suna can ƙarshen arewa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi a mota. Paje da Jambiani suna gabas. A duk waɗannan wurare gidajen abincin da suka kafa kujeru a kan yashi kallon teku suke sayar maka, abincin kuma an rage masa kayan ƙamshi don bakin Turawa. Ka juya wa tekun baya ka shiga ƙauyen, tafiyar minti biyar ko goma, za ka sami inda ma'aikatan otal ɗin da kansu suke ci: wali da wake, soyayyen kifi, chipsi mayai wato soyayyen dankali da aka haɗe da ƙwai ya zama fai-fai. Rabin kuɗin ko ƙasa da haka.

Kifi kuwa a nan ne gidansa, ba a Forodhani ba. A Nungwi kwale-kwale suna dawowa a yi gwanjon kifi a bakin ruwa, ka tambayi masaukinka lokacin, ka tuna kuma da lissafin agogo. A ƙananan gidajen abinci ka ce a nuna maka kifin kafin a gasa. Ido ya zama garau ba hazo, ƙarƙashin kunnen ja, in ka danna tsokar ta dawo. Sunayen da za ka ji su ne changu, mai farin nama, da nguru, da jodari mai jan nama kamar na sa. In da awo ake sayarwa, musamman manyan jatan lande, a auna a gabanka a faɗi kuɗi. Kuma ka sani ba a gaggawa. Sai ka yi oda ake hura gawayi, wani lokaci sai an aika yaro ya sayo kwakwa. Awa guda ba abin mamaki ba ne, in ka yi magana a ce maka "pole pole", sannu sannu. Dabarar ita ce ka je tun kafin yunwa ta kama ka, ka ba da oda ka faɗi lokacin da za ka dawo, ka tafi yawonka.

A gabas akwai agogo na biyu, na teku. Sau biyu a yini ruwa yana janyewa nesa ƙwarai, har ka ga mata sun shiga suna aikin gonakin ciyawar teku a inda ɗazu kwale-kwale yake yawo, sannan ya dawo ya cika. Shahararren gidan abincin nan The Rock, wanda hotonsa ya cika intanet, yana kan wani dutse a cikin ruwa a Michamvi Pingwe. In ruwa ya janye da ƙafa za ka taka, in ya cika kwale-kwalensu ne zai ɗauke ka. Teburan kaɗan ne, sai da rajista, abincin ya karkata wajen na Italiya da kayan teku, kuɗin kuma na wurin ne da hoton. In hoton kake so, ka duba jadawalin cikar ruwa ka zaɓi lokacin da dutsen yake tsakiyar teku. Mu mun tsaya daga bakin yashi mun ɗauki namu hoton, muka koma ƙauye muka ci kifi.

Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, saboda haka a gidajen abincin 'yan gari ba ka da fargabar nama. Inda za ka buɗe baki ka yi tambaya shi ne manyan otal-otal na bakin rairayi, musamman masu jera abinci kowa ya ɗiba. A can akan sami naman alade, kuma wasu miyoyin Turawa da giya ake dafa su. Ma'aikatan yawanci 'yan gari ne, kana yin sallama ka tambaya za su nuna maka abin da za ka tsallake. In tafiyarka ta faɗa cikin azumi, yawancin gidajen abincin gari a rufe suke da rana, ci a bainar jama'a kuma abin ƙi ne ko ga wanda ba ya azumi. Ka riƙe shilin Tanzaniya a aljihu, da ƙananan takardu, domin babbar takardarsu ta 10,000 ce kuma mai vitumbua ba lallai ta sami canjinta da sassafe ba. Ruwan sha na gora. Cikin gari kuma a sa sutura ta mutunci, wannan mu ba sai an gaya mana ba.

Ranar komawa ka ware safiya don kasuwar Darajani, wadda gininta yake nan tun 1904. Ɓangaren kifi da nama yana da ƙarni, in ba ka jurewa ka zagaya ta waje. Abin da ya kai ka shi ne tsaraba: kanumfari, kirfa ta sanda, iliki, masoro, da haɗin pilau. Ka bar 'yan fakitin da aka yi wa ado don baƙi, ka shiga ciki inda matan gari suke saye da awo, ka murza a tafin hannu ka sansana. Kanumfari mai kyau in ka danna shi da farce sai ya yi ɗan maiƙo. Ka ƙara da halua, alewar Omanawa mai danƙo da man shanu da iliki, tana jure tafiya. Uwargida ta so ta sayi tandar vitumbua, na tuna mata akwai biyu a gida.

In da jirgin ruwa za ka koma Darussalam, ka nemi na safe, ka ci abu kaɗan marar maiƙo. Teku ya fi tashi da yamma, musamman daga Yuni zuwa Satumba lokacin iskar kudu, kuma ba banza ba ma'aikatan jirgin suke raba leda kafin a tashi. Ni na yi wa biriyanin bankwana zama na musamman awa ɗaya kafin jirgin yamma, na cinye har da ƙari. Uwargida shayin citta kawai ta sha, ita ce ta riƙe mini ledar har muka hango Darussalam.